Ƙoshiyar Kawu Enoch

Burnley, Oktoba 1903

Kawu Enoch,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da ƙafar nan taka mai ciwo. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya gajiya. Ni ce Selina, ɗiyar Hannah 'yar baffanka, in ma ka manta da ni, don rabon da ka amsa min takarda tun rasuwar mijina. Ban yi fushi ba. To, na ɗan yi, amma yau ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba.

'Yata Clarice ta cika shekara sha takwas, an ba ta injunan saƙa huɗu nata na kanta, daf da nawa, za ta fara aiki a kansu wata mai zuwa. Ranar da aka faɗa mata har rawa ta taka a tsakiyar titi da takalman katako. Ni kuwa ban yi murna ba, domin injunan Keziah Duckworth ne. Watan jiya aka kwashi Keziah ranga-ranga tana aman jini, tarin fuka ya gama da ita. Kafin ita yayarta ce a kan injunan nan, ita ma haka ta tafi.

Kai sassaƙa ƙoshiyar saƙa ka sani, ba ka taɓa wuni a gaban inji ba, don haka bari in tuna maka. Duk sa'ad da zare ya ƙare, sai mutum ya sa sabon kwarkwaro a cikin ƙoshiya, ya kai ɗan ramin nan na gefe bakinsa, ya tsotso bakin zaren ya fito. Sumbar ƙoshiya muke ce masa don mu yi dariya. Sau ɗaruruwa a wuni muke yi, da ƙurar auduga da man inji da yawun duk wanda ya riga ka. Wani likita ya zo ɗakin taro na coci ya ce ta yawu cutar nan take bi. Mata suka yi ta masa tsiya, ni kuwa tun ranar maganar take cina.

Na wanke ƙoshiyoyin da ruwan zafi da soda, amma itace ne da ya sha bakin mata biyu shekara da shekaru. Na je wajen Seth, hedimanmu na ɗakin saƙa, na ce ya canja wa yarinyar. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Selina, yaushe kika zama likita ba labari? Itace ne fa. Kin taɓa jin itace ya yi tari?" Ya ɗauki ɗaya ya tsotsa a gabana, ya yi tarinsa, ya tofar, ya miƙo min. "Ga ta nan, lafiyarta ƙalau."

Kawu, a takardarka ta ƙarshe ka cika min shafi da labarin wata ƙoshiya da kake ƙerawa, wadda za ta ja zarenta da kanta ba sai an kai ta baki ba. A lokacin na ce surutun Kawu ne. Yanzu ina roƙonka. In akwai ta, aiko min da ita a jirgin da zai fara tashi.

'Yarka,
Selina Pickup

Fall River, Amurka, Nuwamba 1903

'Yata Selina,

Na sami takardarki, na yi murna ƙwarai. Ƙafa tana nan, in sanyi ya shigo sai ta tuna min da kanta. Ki gai da Clarice. Yarinyar da na bari ba a ko yaye ta ba, wai ita ce da injuna huɗu! Bakinki kuwa na Hannah ne sak, ko kwano aka ajiye mata a karkace sai ta yi masa wa'azi.

Surutun Kawu, ko? To ki saurara. Ƙoshiyar tana nan a kan bencina, ina kallonta yanzu haka. Na tsaga mata siririyar hanya daga sama har zuwa ramin, sai dai ki ja zaren da yatsa ya faɗa ciki da kansa. Abin da ya rage shi ne 'yar wayar da za ta hana shi sake fitowa in inji ya ɗauki gudu. Na gwada ta tagulla, ta yi laushi. Na gwada ta baƙin ƙarfe, tana yanke zaren. Jiya ina cikin motar lantarki wata dabara ta faɗo min, har na wuce tashata ban sani ba.

Selina, da kin ga garin nan! Dare kamar rana saboda fitilu. Mutum yana nan yana magana da wani a Boston ta cikin waya. Akwai injunan da suke canja kwarkwaronsu da kansu. Kowane ɗaya daga cikin abubuwan nan wani ne ya zauna a ɗaki kamar nawa ya ƙirƙiro, sunansa kuma yana kan takardar gwamnati har abada. Ni ma sau ɗaya na gyara wa wani mai masaƙa birkin inji, na nuna masa kafin in yi rajista, yau sunansa ne a jiki. Ba za a sake min haka ba. Sai ta kammalu, na yi mata rajista, sannan ta fita daga ɗakin nan.

Ki ba ni zuwa Kirsimeti. Kafin nan, ki lanƙwasa wa yarinyar 'yar waya mai ƙugiya ta riƙa jawo zaren da ita. Ba wuya.

Kawunki,
Enoch Ormerod

Burnley, Disamba 1903

Kawu Enoch,

Bayan gaisuwa, muna lafiya. Barka da Kirsimeti, ga ta ta zo, ƙoshiya ba ta zo ba. Kullum mai kawo wasiƙu ya wuce ƙofarmu sai in ji kamar in bi shi in zazzage jakarsa.

Ƙugiyarka mun gwada. Kwana biyu ta yi. Ka san a ɗakin saƙa ba a jin maganar kowa saboda ƙara, da leɓe muke hira, to daga wannan bango zuwa wancan bakunan mata duk abu guda suke faɗi: "Ku zo ku ga gimbiya, bakinta ya fi ƙarfin ƙoshiya." Wannan da sauƙi. Kafin ta laluba ramin da waya, inji ya tsaya, na biyu ya tsaya, ga Seth a kanta. Ya ce, "Ke, nan masaƙa ce ko wajen kamun kifi? In ba za ki iya ba, akwai mata goma a bakin ƙofa suna jira." Ta dawo gida tana kuka, ta jefa ƙugiyar a murhu, ta ce gobe za ta tsotsa kamar kowa, abin da zai faru ya faru.

Na ce ba ki isa ba, ina raye. Ga abin da muke yi yanzu. Tunda injunanmu suna kallon juna, ita tana sa kwarkwaro ta ajiye ƙoshiyar a gefe, ni kuma in tsallako in tsotso mata zaren in koma kan nawa. Nawa huɗu, nata huɗu, duk bakina ne. Da farko ta ƙi. Ta ce, "Mama, to ke fa? Naki ƙirjin na dutse ne?" Na ce, "Nawa ya ci ƙura shekara talatin, ya saba. Rufe min baki ki kama aikinki." Seth ya gani, ya kau da kai, tunda yadi yana fita.

Na samo dabara ke nan, bakin Clarice bai taɓa ƙoshiyar Keziah ba ko sau ɗaya. Amma in na tashi aiki leɓuna baƙi ƙirin, abinci ma ɗanɗanon man inji yake min. Tsoro nake ji, Kawu, ba zan ɓoye maka ba. Ka bar zancen tagulla da baƙin ƙarfe, ka aiko ta yadda take.

Selina

Fall River, Janairu 1904

'Yata Selina,

Gaisuwa da fatan kun shiga sabuwar shekara lafiya. Nan ƙanƙara ta rufe mu, har ruwan butata ya daskare. Takardarki ta same ni ina tsakiyar narka dalma, a tsaye na karanta ta, amma na ga abin da ya fi muhimmanci: kin samo dabara, bakin yarinyar bai taɓa ƙoshiyar ba. Madalla! Na ce da ke ƙugiya za ta yi. Hankalina ya kwanta, yanzu zan yi aikina a natse ba tare da ana hura min wuta ba.

Albishirinki. Na bar waya gaba ɗaya. Ɗan guntun tangaran na sa, mai santsi, da lanƙwasa irin ta kunne. Na kai ta masaƙar wani abokina ranar Lahadi, ba kowa, muka sa ta a inji. Ta yi gudu kamar ba gobe! Sau biyu kawai zaren ya kuɓuce. Wani zai ce ai shi ke nan, ni kuwa sau biyun nan ya hana ni sukuni. Ina tunanin in ƙara zurfin tsagar kaɗan. Lauyan rajista kuma ya ce a kawo zane mai kyau, ga hannuna ya fara rawa, sai na nemi mai zana min.

Zuwa bikin Ista, in Allah ya yarda. Ki ce wa Clarice watarana za ta gaya wa jikokinta ita ce ta fara riƙe ƙoshiyar Ormerod a duk Ingila.

Kawunki,
Enoch

Burnley, Fabrairu 1904

Kawu,

Na gaishe ka don Mama ta koya min gaisuwa. Lafiya kuwa ba zan ce maka lau ba.

Ka nemo takardata ta Disamba, in ba ka goge dalma da ita ba. Ka zauna a kujera, ka sa tabarau, ka karanta ta daga sama har ƙasa. Wace ƙugiya? Ƙugiya tana cikin toka tun bara. Ni ce dabarar, Kawu. Bakina ne dabarar. Wata uku ke nan ina tsotsar ƙoshiyoyin matacciya, kai kana can hankalinka ya kwanta.

Tari ya kama ni tun farkon shekara. Na ce sanyi ne, har yanzu haka nake ce wa Clarice. Da asuba in mai tashin ma'aikata ya ƙwanƙwasa taga da sandarsa, sai in tarar rigata jiƙe sharkaf, alhali ɗakin kamar ƙanƙara. Siket ɗina na ƙara masa ƙulli biyu don rama.

Zare ya kuɓuce sau biyu! Mu nan sau nawa yake tsinkewa kafin shayin safe? Ka bar mana shi ya kuɓuce, mun iya ɗaurawa.

Selina

Fall River, Maris 1904

Selina, 'yata,

Na nemo ta, na zauna, na karanta. Na daɗe a kujerar nan ban iya tashi ba.

Yau da safe na naɗe ƙoshiyar a cikin tsohuwar rigar sanyina, na kai ta gidan waya da kaina, ƙafa tana ja ina ja. Jirgin Asabar za ta bi. Ban ƙara zurfin tsagar ba, ban taɓa komai ba. Abu ɗaya nake roƙo: rajista ba ta fito ba tukuna, don haka kada wani maƙerin ƙoshiya ya riƙe ta a hannunsa. Duk wanda ya san aikin, kallo ɗaya ya ishe shi.

Ki je wajen likita. Don girman Allah ki je, kada ki tsaya gardama da shi. Ki rubuto min abin da ya ce.

Kawunki,
Enoch

Burnley, Afrilu 1904

Kawu Enoch,

Gaisuwa. A kwance nake rubuta wannan, ka yi haƙuri da karkacewar layi. Na je wajen likitan. Ya ɗora abin saurarensa a ƙirjina, ya daɗe, sannan ya fara tambayata ko ina da 'yan'uwa a ƙauye inda iska take da kyau. Na ce masa, "Likita, faɗi abin da ka ji, ni ba yarinya ba ce." Ya faɗa. Shi ne, ciwon Keziah. Na bar aiki satin da ya wuce.

Ƙoshiya ta iso. Zan ba ka haƙƙinka: ba surutu ba ne. Clarice ta ja zaren da yatsa, ya shige, ta sake, ya shige, muka kalli juna muka fashe da dariya har tari ya turnuƙe ni. Ta kai ta masaƙa. Seth ya juya ta, ya juya ta, ya ce, "Wannan kuma ta ina ake sumbatarta?" Ya sa ta a inji yana jiran ta watse, ta ƙi. Ya ce, "To, in ta ɓata min yadi, ke da kawun naki ku biya."

Amma Kawu, guda ɗaya ka aiko. Ɗaya! Shekara arba'in kana sassaƙa abin nan, ka manta kowane inji biyu yake ci, ɗaya tana gudu ana cika ɗaya? Injuna huɗu gare ta. Saura bakwai, duk na Keziah, ga shi babu ni a wurin.

Na riƙe Clarice a gida da sunan jinyata. Seth ya ce zai sa wata ta tsaya mata zuwa ƙarshen wata, bayan nan ko ta dawo ko injuna su tafi. Ita kuma ta ce za ta koma, don ba za mu ci bango ba. Na san ta. Rana ɗaya za ta yi tana fama, inji zai tsaya, mata za su fara motsa leɓe, ta kai abin nan baki.

Ko ka fara yau, bakwai ba za su ƙetaro teku kafin lokacin ba. Amma ga Tattersall maƙerin ƙoshiya a bayan kasuwa, da injin sassaƙarsa da yaransa, cikin mako zai fitar da su in ya ga wannan. Na san abin da hakan yake nufi a wajenka. Ka san Tattersall, ba ya ganin abu ya bar shi. Ƙoshiyar tana ƙarƙashin matashina, ban nuna wa kowa ba, domin taka ce, ban kuma taɓa ɗaukar abin wani ba da izini ba. Ina neman izininka. Amma kada in yaudare ka: in ƙarshen wata ya zo ban ji daga gare ka ba, ko da rarrafe ne zan kai masa.

Selina

Saƙon waya daga Fall River, Afrilu 1904

KAI WA TATTERSALL YAU. YA BUƊE TA YA GA CIKI. TANGARAN BA ƘARFE BA. BAR ZANCEN RAJISTA. ENOCH.

Burnley, Yuli 1904

Kawu Enoch,

Ni ce Clarice. Ina gaishe ka, ina fatan ƙafarka ta yi sauƙi da zafin nan. Takardunka uku sun zo, ka yafe mana shirun. Ban san yadda ake fara irin wannan ba. Mama ta rasu ranar Lahadin ƙarshe ta Yuni, da hantsi, ana buga ƙararrawar coci. Mun binne ta kusa da Baba. Matan ɗakin saƙa duk sun zo, har Seth, da hularsa a hannu.

Ranar da yaron gidan waya ya kawo saƙonka, ta karanta ta ce, "Ashe tsohon nan ya iya gajeriyar magana." Sai ta juya fuska bango ta yi kuka. Ni na kai wa Tattersall. Ya yi bakwai ɗin cikin mako, na koma aiki da su. Yanzu ya fara yin wasu yana kai wa masu masaƙa, kuma sunansa ne ya buga a jiki. Na je na yi masa magana, ya ce, "Yarinya, kawunki yana da takardar rajista?" Abin ya yi min ciwo ƙwarai, na san kai ya fi yi wa. Taka ta asali tana inji na biyu, ita ce ta fi duka gudu.

Har yanzu ana ce min gimbiya. Ban kai su sauri ba, yadina yakan gaza nasu kaɗan. Amma mata biyu sun zo a ɓoye sun tambaye ni inda ake samu.

Ga abin da Mama ta ce lallai in rubuta maka. Tun da ta kwanta ta hana ni matsowa kusa da fuskarta, ƙoƙonta daban, cokalinta daban, ko sumbar goshi ta hana. Ana saura kwana kaɗan ta matsa sai na je likita ya duba ni. Na je. Ya saurara gaba da baya, ya ce ƙirjina fes, babu komai. Na hau bene da gudu na faɗa mata tun daga bakin ƙofa.

Ta ce, "Likita! Shi da ya ce in tafi ƙauye? Zo nan. Juya min baya, kada in hura miki."

Na zauna a bakin gado na ba ta baya. Da ƙyar ta ɗago, ta manna kunnenta a tsakanin kafaɗuna. Kuncinta zafi kamar burodin da aka fitar yanzu.

"Ja numfashi," in ji ta. Na ja. "Ƙara. Ke, da ƙarfi, ba kya cin abinci ne?"

Na yi ta ja ina saki. Ban san me take ji ba, ita da ƙarar inji ta cinye mata rabin kunne. Ta daɗe a haka, har na zaci barci ya ɗauke ta. Can sai na ji ta koma kan matashi.

Ta ce, "To. Ki gaya wa Kawu ƙoshiyarsa ta yi. Je ki ɗora ruwan shayi."

Taka,
Clarice Pickup